Tsohon Zarton Inji Ya Ƙi Shan Mai: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kafireto

Duk abin da ya samu tsohon zarton inji, kafireto ake fara ɗora wa laifi. Ya ƙi tashi, kafireto. Ya mutu a tsakiyar gungume, kafireto. Sai a ɗauki sukudireba a hau murɗa sukurori, a wayi gari an ƙara wa injin ciwo na biyu a kan na farko. Alhali kafin mai ya isa silinda sai ya bi ta mataci, ya bi ta tiyo, famfo ya jawo shi, allura ta buɗe masa, kuma ko'ina a wannan hanya zai iya maƙalewa. Amsoshin da ke ƙasa sun shafi injinan da ake saita kafiretonsu da hannu, irin tsofaffin Stihl, Husqvarna, Echo, Jonsered, McCulloch da Homelite. Sababbi masu saita kansu da na'ura, wato M-Tronic na Stihl da AutoTune na Husqvarna, maganarsu daban ce.

Injina ya daɗe a ajiye, yanzu ya ƙi tashi. Ta ina zan fara?

Ta fulogi. Ka rufe cok, ka ja igiya kamar sau goma, sannan ka kwance fulogin ka duba bakinsa. In ka same shi a bushe ƙayau, mai ba ya isowa. In ya jiƙe sharkaf yana warin fetur, mai na isowa har ya yi yawa, ko kuma babu wutar da za ta ƙona shi.

In a bushe yake, ka zuba gaurayayyen mai kamar rabin ƙaramin cokali ta ramin fulogin, ka mayar, ka buɗe cok, ka ja. Injin da ya yi ƙara na ɗan lokaci sannan ya mutu ya riga ya ba ka labari: wuta lafiya, matsin silinda ya isa, hanyar mai ce ta toshe. Wanda bai ko yi tari ba, ka bar kafireto ya huta tukuna, ka nemi wuta da matsi.

Bayan haka ka zubar da abin da ke cikin tanki a wani mazubi mai haske ka dube shi. Ka lanƙwasa waya ka zaƙulo matacin da ke lilo a ƙarshen tiyo cikin tankin. Sau da yawa a nan bincike ke ƙarewa, domin za ka tarar tiyon ya tsinke, matacin yana yawo shi kaɗai a ƙasan tanki.

Me ya bambanta kafireton zarto da na babur?

Na babur yana da ɗan kwano da mai ke taruwa a ciki, da abin da ke yawo a saman man yana buɗe allura yana rufewa. Wannan sai inji yana tsaye daidai yake aiki. Shi kuwa zarto ana kwantar da shi a gefe wajen kayar da bishiya, a ɗaga shi sama wajen sare reshe, wani lokaci ma a kife. Zartunan farko masu kwano sai da aka yi musu dabarar juya ƙarfen sarƙa ko kafireton kafin a kwantar da yanka. Abin da ya raba gardama shi ne kafireto mai tantanin roba, wanda kanikawa ke kira dayafaram. Kamfanoni uku ne suka ƙera yawancin waɗanda za ka gani: Walbro, Zama da Tillotson. Sunan da lambar suna jikin ƙarfen.

Tantanin biyu ne. Na farko famfo ne. Duk hawa da saukar fistan, matsin iska a ɗakin karanshaf yana ƙaruwa yana raguwa, wannan bugun yana biyo wani siririn tiyo ko wata kafa zuwa kafireto, yana kaɗa tantanin, shi kuma yana tsotso mai daga tanki ta wasu 'yan harsuna biyu da ke buɗewa gefe ɗaya kawai. Na biyu shi ne mai awo. In inji ya zuƙi mai, tantanin ya lotsa ciki, ya danna wata 'yar liba, libar ta ɗaga allura, sabon mai ya shigo. Da wurin ya cika, sifirin ya mayar da allurar mazauninta.

Duk aikin ya rataya ne a kan laushin wannan roba. Shekaru da tsohon mai suna busar da ita har ta riƙa ƙara in an taɓa. Tantanin da ya sandare ba ya famfo, ba ya awo, kuma babu yawan wankin da zai dawo masa da laushi.

Wane gaurayen mai ya dace, kuma har yaushe yake lalacewa?

Da man 2T mai kyau na zamani, wato man da ake gaurayawa da fetur, yawancin masu ƙera zarto suna cewa 50:1, wato mililita 20 a kowace litar fetur, ko mililita 100 a lita 5. Littattafan tsofaffin injina za ka ga 40:1, ko 32:1, har 25:1, saboda man wancan zamani bai kai na yanzu ba. Ni a tsohon inji 40:1 na fi so, mililita 25 a lita. Abin da ba na so shi ne awo da ido, yau kauri gobe tsinkakke, domin kowane gauraye da irin saitin da yake nema. Kuma man ya zama na injin da iska ke sanyayawa, kada a ɗauko na injin jirgin ruwa, balle baƙin man mota.

Gaurayayyen mai kada ya wuce wata guda. Sassan fetur masu saurin kama wuta su ke fara tashi, abin da ya rage ya yi duhu, ya koma danƙo a ƙananan kafofi. Inda ake gauraya fetur da sinadarin etanol, kamar mai lambar E10 mai kashi 10 cikin 100, abin ya fi muni: etanol yana jan damshi daga iska, yana kuma cin tsofaffin robobin da ba don shi aka yi su ba.

Yana tashi da cok, amma da na buɗe cok ko na taɓa totur sai ya mutu. Me ke nan?

Yunwar mai ce. Cok yana toshe iska ne don inji ya zuƙi mai da ƙarfi, to in sai da wannan taimako yake rayuwa, man da ke zuwa da kansa bai isa ba. Ka bi hanyar daga tanki: mataci, sannan tiyo. Ka lanƙwasa tiyon a gaban haske, musamman inda ya ratsa bangon tanki, don a nan yake tsagewa. Tiyo mai tsaga ba lallai ya zubar da mai ka gani ba, iska kawai yake shigarwa. Sai siririn tiyon da ke kawo bugun famfo, wanda yake ɓoye a bayan kafireto, mutane da yawa ba su ma san da shi ba. In ya tsage ko ya zame, famfo ya tsaya ke nan.

In duk waɗannan lafiya, to yanzu ne za a buɗe kafireto. A ɓangaren famfo akwai wata 'yar raga mai faɗin da bai kai farce ba. Garin katako da ya tsallake mataci a nan yake taruwa.

Kada ka ci gaba da aiki da rabin cok don kawai inji ya yarda. Ciwon yana nan, ɓoye shi ka yi.

Yana aiki lafiya na mintuna, sai ya fara shaƙewa ya mutu. In ya huta ya sake tashi.

Mutum biyu ake zargi a nan. Na farko kafar numfashin tanki. Yayin da mai ke raguwa dole iska ta shiga ta maye gurbinsa, in ba haka ba famfo yana ja tankin yana riƙewa, kamar jarkar da aka kifa babu inda iska za ta shiga. Gwajin ba wuya: da zarar ya mutu, ka sassauta murfin tanki a hankali, nesa da fuskarka. In ka ji iska ta zuƙu ciki, kuma ya tashi nan take bayan ka rufe, kafar ce ta toshe.

Na biyu ba shi da alaƙa da mai sam. Kwayil mai shirin mutuwa yana ba da wuta in yana da sanyi, ya ɗauke in ya yi zafi. Ana rarrabe su ta yadda injin ke mutuwa. Mai yunwar mai yakan ɗaga murya ya yi rauni kafin ya tsaya, na kwayil kuwa yakan yanke kamar an kashe makunni. Ka gwada wutar fulogi a lokacin da injin ke da zafi, kafin ya huce.

Fulogi kullum a jiƙe, mai har yana ɗiga ta matacin iska ko salansa.

In sau ɗaya ne, wataƙila cok ka bari a rufe bayan inji ya yi tarin farko. Ƙa'ida ita ce da ka ji wannan tarin ka buɗe cok. Maganinsa: kashe makunni, cire fulogi, kifa injin nesa da wuta, ja igiya sau da yawa man ya fita, shanya fulogin, mayar, sannan ka tayar ba tare da cok ba. Tazarar bakin fulogi a yawancin zartuna wajen milimita 0.5 ce.

In kullum ne, allura ba ta rufewa. Ko datti ya tokare ta, ko bakin robarta ya ci har ya yi zobe, ko libar ta yi sama fiye da kima, ko tantanin awo ya sandare yana danne ta. Masu ɗan famfon gwaji suna hura iska ta bakin shigar mai zuwa matsin kamar rabin bar (awon matsin iska), su zuba wa ma'aunin ido. Lafiyayyen kafireto zai riƙe, mai yoyo zai sauke.

Yaya ake wanke kafireto ba tare da an ɓata shi ba?

Ka fara da wanke wajensa kafin ka kwance komai, ka rufe cok don datti kada ya faɗa ciki. Ka ɗauki hoto a kowane mataki, musamman yadda wayar totur da ta cok suka maƙala. Ka shimfiɗa farin ƙyalle, domin sifirin ɗin da ke ƙarƙashin liba ƙarami ne ƙwarai, in ya yi tsalle ka yi bankwana da shi.

Kafin ka cire sukurorin saitin mai masu alamar L da H, ka ɗaure kowanne a hankali kana ƙirga zagaye har ya zauna, ka rubuta. Kada ka musanya su, sau da yawa tsawonsu ba ɗaya ba ne. Ka fesa ruwan wankin kafireto ta kowace kafa ka ga ya fito ta maƙogwaro. Abu biyu ne ke kashe kafireto a hannun mai gyara: tura waya ko allurar ɗinki cikin kafofi, wanda ke faɗaɗa su har abada, da hura iskar kwamfiresa mai ƙarfi, wadda ke fasa ɗan bawul ɗin da ke cikin babbar kafar mai. Wannan bawul in ya lalace, inji ba zai ƙara zama a sulo ba, kuma a wasu kafiretocin ba ya canzuwa.

Wajen mayarwa ne aka fi yin kuskure, domin jerin ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne. A yawancin Walbro da Zama, ɓangaren famfo tantani ne ke manne da jikin kafireto, sai gaskit, sai murfi. Ɓangaren awo kuwa gaskit ne ke fara zama, sai tantani, sai murfi. In ka juya na famfo, harsunan ba za su rufe ba. In ka juya na awo, mai zai yi ambaliya. Tsayin liba ma yana da ƙa'ida, kuma ya bambanta daga wannan samfuri zuwa wancan. In tsohuwar libar ba ta ci ba, na fi son a mayar da ita a kan a sa sabuwa da ba a auna ba.

Mene ne aikin L da H da T, kuma yaya ake saita su?

L yana kula da man sulo da na lokacin da ka fara danna totur. H yana kula da man cikakken gudu. Na ukun, T a Husqvarna, LA a Stihl, ba ya taɓa mai, yana dai tokare ƙofar iska ne don sulo ya hau ko ya sauka. L da H in ka ɗaure ka rage mai, in ka sassauta ka ƙara.

Sharaɗi kafin a taɓa su: matacin iska mai tsabta, sabon mai, ƙarfen sarƙa da sarƙar a ɗaure, inji ya yi ɗumi. Saitin da aka yi da toshasshen mataci zai koma yunwa ranar da aka wanke shi.

In saitin ya rikice gaba ɗaya, ka ɗaure L da H har su zauna, da yatsu biyu kawai, don bakinsu siriri ne kuma matsi yana ɓata mazauninsu. Sannan ka sassauta kowanne zagaye ɗaya. Yawancin tsofaffin injina suna tashi daga nan, wasu suna son ɗaya da kwata. A wasu ma an zana adadin a jikin murfi.

Ka fara da L. Ka ɗaure kaɗan-kaɗan har sulo ya hau ya fara rawa, ka dawo har ya fara nauyi, ka tsaya tsakani amma ka ɗan karkata wajen ƙarin mai. Ka danna totur farat ɗaya. In ya yi jinkiri kamar zai mutu kafin ya ɗauka, ka ƙara masa mai kaɗan. Sai T: ka sauke sulo har sarƙa ta tsaya cak, injin kuma bai mutu ba. Yawanci wannan yana faɗawa tsakanin zagaye 2,500 zuwa 3,000 a minti. Sarƙar da ke tafiya a sulo haɗari ce. In ta ƙi tsayawa duk da sulo ya sauka, ka duba sifirin ɗin kuloci.

H shi ne mai kashe inji. A wannan nau'in inji, man da ke shafe fistan da boris yana tafe ne cikin fetur, kuma fetur ɗin yana taimakawa wajen sanyaya shi. In ka rage H ka rage duka biyun. Abin takaicin shi ne inji mai yunwa ya fi daɗin ji a kunne: muryarsa siririya, gudunsa kamar zai tashi sama. Haka zai yi ta yi har fistan ya narke ya manne a silinda. Saitin da ya dace shi ne wanda in ka danna totur duka a iska za ka ji muryar tana ɗan karkarwa, tana burburwa, amma da sarƙa ta nutse cikin itace sai ta washe. In ta washe tun a iska, ka sassauta H. Kada ka riƙe shi a cikakken gudu ba yanka fiye da 'yan daƙiƙoƙi. Mai na'urar auna gudu ya bi adadin da aka rubuta wa samfurinsa, domin tsofaffin manyan injina ba sa kai gudun na baya-bayan nan.

Bayan aiki fulogi zai ba da shaida: ruwan ƙasa-ƙasa daidai, baƙi mai kunkunniya mai ya yi yawa, fari ko toka-toka yunwa. Wanda ya hau da injinsa wuri mai tudu sosai zai ga yana nauyi, don iskar can ba ta da kauri. In ya rage H a can, kada ya manta ya mayar in ya sauko.

Injinan da aka yi tun daga shekarun 1990 da yawa suna da hulunan roba a kan sukurorin, waɗanda dokokin hayaƙi na Amurka suka jawo. Su ba sa barin a juya sosai, don haka ƙirgen zagaye ɗaya bai shafe su ba sai an cire hulunan.

Na wanke, na sa sababbin robobi, amma sulo yana hawa yana sauka, kuma ya ƙi saituwa.

Ka yi zargin iska na shiga ta ɓarauniyar hanya. Wuraren uku ne: robar da ta haɗa kafireto da silinda, tiyon bugun famfo, da sil biyu, wato robobin da ke tare iska a gefen karanshaf. Alamunta: sulo yana canzawa in ka kwantar da injin a gefe, gudu yana jinkirin sauka bayan ka saki totur, ko sai ka sassauta L zagaye biyu ko fiye kafin ya zauna. Robar haɗin tana yawan tsagewa a injin da robobin rage girgizarsa suka mutu, saboda jikin injin yana ja da ita duk lokacin da aka danna yanka.

Tabbaci sai da gwaji: a toshe mashiga da mafita, a hura iska mai matsin kamar rabin bar ta tiyon bugu, a shafa ruwan sabulu a ga inda kumfa zai taso, sannan a gwada da zuƙa, don wani sil ɗin yana riƙe hurawa amma ya saki a zuƙa. Kada ka rufe wannan ciwo da ƙarin mai a sukuru. Tsagar tana faɗaɗa, kuma ranar da ta wuce abin da ka ƙara, fistan ne zai biya.

In gyara tsohon kafireton ne, ko in sayi sabo?

In jikin ƙarfen lafiya, gyara. Ka sayi kayan gyara da lambar kafireton, kada ka dogara da lambar zarton, domin samfuri ɗaya na iya fitowa da kafiretoci daban-daban a shekaru daban-daban. Sabo ya wajaba in sandar totur tana girgiɗi a raminta, ko ruwa ya ci cikin ya yi farin gari, ko bawul ɗin nan ya mutu. Kwaikwayon da ba suna a jikinsu sa'a ce, wani ya yi aiki, wani ya ƙi saituwa tun ranar farko. Ko ka sa irinsu, ka adana na asalin.

Mai na zuwa daidai, amma ba ƙarfi a cikin itace. Har yanzu kafireto ne?

Da wuya. Ka duba sarƙa tukuna, dakusasshiya tana sa lafiyayyen inji ya zama kamar mara lafiya. Sai salansa: da yawa suna da 'yar ragar tare tartsatsi a mafita, wadda kunkunniya ke toshewa har inji ya kasa fitar da hayaƙi. A cire ta a kankare da burushin waya.

Tunda ka cire salansa, ka leƙa ta kafar hayaƙi kana jan igiya a hankali. Fistan mai santsi da zobba masu motsi alama ce mai kyau. In ka ga zane-zane a tsaye daga sama zuwa ƙasa, ya taɓa yin yunwa ko zafi ya yi masa yawa. Wani gwajin kuma, ka ɗaga zarton da hannun igiya kawai. Mai matsi zai sauka da tsaiko-tsaiko, wanda ya gaji zai zarce ƙasa. A ma'aunin matsin silinda, injin da ya faɗo wajen 100 psi da ƙyar yake tashi. Irin wannan sai an canza fistan ko zobba, kuma a gano abin da ya jawo yunwar kafin a sa sababbi.

Yaya zan ajiye shi in zai yi watanni ba aiki?

Ka juye tanki, ka tayar da shi ka bar shi a sulo har ya mutu da kansa, kada ka ba shi totur yayin da man ke ƙarewa. In yana da 'yar robar da ake dannawa kafin tayarwa, ka danna ta har ta daina kawo mai. Inda ake samun man gwangwani na alkilet, wato wani tataccen fetur kamar Aspen ko MotoMix, ana iya zuba kaɗan a tayar da shi na minti ɗaya a bar shi a ciki, domin shi yana shekaru bai lalace ba kuma ba ya busar da tantani. Matacin tanki a canza shi sau ɗaya a shekara.